Tambayar da Lauya Sannu-Sannu Bai Rubuta Ba

Ofishin Lauya Sannu-Sannu yana saman wani shagon facin taya, kuma duk wanda ya taɓa kai masa ƙara ya san sai mai faci ya kashe injin iska kafin a ji abin da lauyan yake faɗa. Bai taɓa ɗaga murya don ya rinjayi injin ba. Yakan naɗe hannu ne ya jira. Wasu sun ce daga nan sunan ya samo asali. Wasu sun ce a'a, daga yadda shari'ar gado takan daɗe a hannunsa ne, har magada su gaji da juna su sasanta da kansu. Abokan aikinsa suna cewa dabara ce. Shi bai taɓa cewa dabara ce ba, bai kuma taɓa musantawa ba.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana shari'ar iyakar fili da rikicin 'yan haya, ba a taɓa jin sunansa a rediyo ba. Daga tsohon lauyan da ya koya masa aiki ya gaji baƙar rigar kotu wadda kafaɗunta suka koma kore, da kuma ƙa'idoji biyu. Ta farko: kada ka yi wa mai shaida tambayar da ba ka san amsarta ba. Ta biyu: kafin ka zauna, ka tambaye shi ko akwai wani abin da ba a tambaye shi ba wanda yake so a sani. Da yake yana yaro a lokacin, ya ce wa tsohon ai ta biyu ta karya ta farko. Tsohon ya ce ko kaɗan. Mutum ya bar sana'arsa, ya sa rigarsa ta kirki, ya zo ya tsaya a gabanka, bai dace a kore shi kamar akuya ba. Ladabi ne kawai, kuma amsar sananniya ce: babu.

Haka kuwa ta kasance. A duk tsawon aikinsa mutum ɗaya ne ya taɓa ba da wata amsa dabam, wata tsohuwa da ta ce tana so kotu ta sani fankar da ke kanta ba ta aiki.

Sai aka kashe jagoran 'yan adawa na majalisa. An harbe shi a shataletale da hantsi, yana kan hanyarsa ta zuwa zama, a ranar da motar 'yan rakiyarsa ba ta bayansa. Gari ya rikice, aka rufe kasuwanni, matasa suka kwashe tsofaffin tayoyin mai faci suka ƙona a titi. Da hayaƙi ya lafa, gwamnati ta kafa hukumar bincike. Aka ɗauko wani alƙali mai ritaya ya shugabance ta, mutumin kirki wanda kunnensa na hagu ya daina aiki, kuma aka yi dace akwatin shaida yana hagunsa. Lauyan hukuma, wanda shi kaɗai zai riƙa yi wa masu shaida tambayoyi, aka ce Sannu-Sannu ne.

Matarsa, wadda ta yi ritaya tana shugabar makarantar firamare kuma har yanzu yake kiranta Malama, ta ajiye tsintsiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai? Duk lauyoyin ƙasar nan sun ƙare ne?"

"Sun ce suna neman mutum mai natsuwa."

"Mai sa mutane barci dai suke nema, Baban Auta. Sun kuwa samu."

Bai yi gardama ba, don shi ma abin da ya zo masa a rai ke nan.

Sakataren hukuma matashi ne mai ƙamshin turare, wanda bai taɓa zama ba sai ya fara ɗaga ƙafar wandonsa. Shi ya bayyana masa tsarin aiki. Za a watsa zaman kai tsaye a rediyo, don duniya ta ga babu abin da ake ɓoyewa. Mai shaida ba zai yi magana ba sai a matsayin amsa ga tambayar lauya. Tambayoyin kuma lauya zai rubuto su tun da wuri a duba, ba don komai ba, Baba, don dai kada a ɓata lokaci. Sannu-Sannu ya ce wannan tsari ne mai kyau. Ya riƙa rubutowa, ana dubawa, ana ɗan rage masa nauyi, ana mayar masa.

Tambayar ƙarshe bai taɓa rubuta ta ba. Ba wayo ya yi ba. A wurinsa ba tambaya ba ce, kamar yadda ba wanda yake rubuta sallama a cikin abin da zai faɗa idan ya shiga gidan mutane.

A makon farko zauren ya cika har bakin taga. Daga nan Sannu-Sannu ya fara aikinsa. Ya tambayi likita faɗin raunin, ya sake tambayarsa da wane ma'auni. Ya tambayi mai sayar da jarida a shataletale wace kusurwa yake tsayawa idan rana ta take. Manyan mutane sukan zo da safe, a ɗauke su hoto, su fice kafin a yi nisa. Mashawarcin gwamnati kan tsaro, wani dogo mai farin gemu da murmushin limami, yana da kujerarsa a layin gaba, kuma bai taɓa ganin ƙarshen shaidar kowa ba. Shugaba yakan jingina kansa da hannu, idonsa a rufe saboda zurfin tunani. Idan lauya ya cire tabarau ya ce, "Akwai wani abin da ban tambaye ka ba, wanda kake so hukuma ta sani?" sai Shugaba ya farka, ya ɗauki alƙalami, ya sallami mai shaida. Tambayar ta zama masa agogo. Sakatare kuwa a lokacin yana tattara takardu ne, yana jin ta kamar yadda ake jin tari.

'Yan rakiyar marigayi su uku ne. Kofur ya mutu a haɗarin mota, a kan hanyarsa ta zuwa inda aka yi masa canjin aiki. Direba ya kamu da zazzaɓi a inda ake tsare da shi don kare lafiyarsa, kuma zazzaɓin bai ba shi lokaci ba. Saura Saje, shugabansu, wanda shi ma ake kare lafiyarsa a bariki.

Ana gobe Saje zai ba da shaida, da la'asar, wata mata ta hau matakalar ofis. Ba ta ce komai ba sai da mai faci ya tayar da injinsa, sannan ta jawo kujera kusa da tebur. Sannu-Sannu ya lura da wannan. Duk wanda ya zo ofishin nan jira yake injin ya mutu. Ita jira ta yi ya tashi.

"Baba, ni ce matar Saje. Jiya an bar ni na kai masa kayan sawa. Ya ce an gaya masa da zarar ya gama gobe, za a wuce da shi sabon wurin aiki. Ta mota."

Lauya ya ajiye alƙalaminsa. Ta ƙara matsowa.

"Kofur ma ta mota ya tafi."

"'Yata, ni lauyan hukuma ne, ba lauyan mijinki ba. Bai ma kamata ki zo nan ba."

"Na sani. Ya ce ba ruɗani aka samu a oba-oba ba, wato rediyon motarsu, kamar yadda masu bincike suka rubuta. Kiransa aka yi aka ce ya juya da motar. Ya san muryar."

"To me ya hana shi faɗa wa masu bincike?"

"Ba su tambaye shi ba." Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Baba, ɗan sanda ne tun kafin gemu ya fito masa. Ko a gida, in ban tambaye shi ba, ba zai ce yana jin yunwa ba. Abin da ke cikinsa ne zai kashe shi. Ni dai a fitar masa da shi kawai nake roƙo."

Injin ya mutu. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce da ƙarfi ta gode, za ta dawo da takardun filin.

Ya daɗe a zaune bayan ta tafi. Lissafin ba mai wuya ba ne, ko ɗan koyo zai iya shi. Muddin maganar tana cikin Saje shi kaɗai, kashe shi yana da amfani. Idan ta fita a rediyo, kowane mai shayi da kowane direban haya ya ji, to kashe shi ya zama sa hannu a kan abin da ya faɗa. Ƙofa ɗaya ce maganar za ta iya bi ta fita, kuma shi ne mai gadinta. A karo na farko a rayuwarsa ya san amsar tambayar ƙarshe ba "babu" ba ce, kuma sanin bai yi masa daɗi ba.

Da magariba Malama ta ga ya tura kwano gefe bai ci rabi ba.

"Gishiri ne ya yi yawa, ko gwamnati?"

Ya gaya mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da bai saba gani ba.

"Me za ka yi?"

"Abin da aka rubuta."

"To." Ta ɗauke kwanon. A bakin ƙofar kicin ta tsaya. "Ba zan ce maka ka yi ba, don ni zan sa farar takaba in abin ya ɓaci. Ba kuma zan ce kada ka yi ba, don ni zan ci gaba da kallon fuskarka in ba ka yi ba. Ka zaɓar mini wanda ya fi sauƙi."

Da safe Sakatare ya tare shi a barandar zaure, ya karɓi jakarsa da hannu biyu kamar ɗa na gari.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Ya Mama? Ya ƙanwata Auta? Na ji tana aiki a ɗakin haihuwa yanzu a babban asibiti. Aikin dare akwai wuya ga mace, ga hanyar gida babu fitila. Allah dai ya tsare."

"Amin," in ji Sannu-Sannu. Bai taɓa gaya wa kowa a hukumar yana da 'ya ba.

"Yau a taƙaita, Baba. Abin da ke rubuce kawai. Mashawarci ya ce zai zauna har ƙarshe."

Zauren ya cika kamar ranar farko. 'Yan jarida sun jeru jikin bango. A gefe, mai rediyo yana zaune da abin ji a kunne, idonsa a kan Sakatare, don an riga an gaya masa hannun wa zai kalla idan ana so a yanke. Aka shigo da Saje cikin kaki mai guga, gajere, mai kauri, kansa a aske. Ya yi rantsuwa, ya ƙame, idonsa a kan agogon bango. Matarsa tana can layin baya. Sannu-Sannu bai dube ta ba, amma ya san inda take kamar yadda mutum yake sanin haƙorin da ke masa ciwo.

"Kai ne shugaban 'yan rakiyar marigayi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ranar da abin ya faru, motarku tana bayansa a shataletale?"

"Ba ta nan, ranka ya daɗe."

"Kun koma bariki?"

"Mun koma, ranka ya daɗe."

"Oba-obar motarku takan ba da matsala wani lokaci?"

"Takan ba da, ranka ya daɗe."

Tambayoyin an ɗinka su da kyau. Kowace amsa gaskiya ce, kuma idan aka haɗa su sai su ba da ƙarya cikakkiya. Sannu-Sannu ya ja su yadda ya iya. Ya tambayi launin motar. Ya tambayi wanda yake duba mata mai. Shugaba ya jingina kansa da hannu, ya shiga zurfin tunani. Mashawarci bai motsa ba, yana jan carbi a hankali, yana murmushi. Takardar dai ƙarewa take, kuma ta ƙare.

Lauya ya cire tabarau. Hannunsa ya kama bayan kujera. Ya tuna hanyar da Auta take bi daga asibiti, da kwanar da fitilarta ta mutu tun bara. Ya ce a ransa shi mai shari'ar fili ne, ba wanda ya haife shi don wannan. Ya rufe bakinsa, ya fara zama.

Amma ba a sallami Saje ba, don agogon Shugaba bai buga ba. Tsohon yana nan idonsa a rufe, yana jiran kalmomin da suka saba tashinsa. Zauren ya yi tsit, kuma rediyo yana watsa tsit ɗin ga ƙasa baki ɗaya. Sannu-Sannu ya tsaya tsakanin tsaye da zaune, gwiwoyinsa suna zafi. Saje ya sauke ido daga kan agogo ya dube shi. Ba roƙo a cikin kallon. Kallon mai jiran umarni ne kawai.

Sakatare ya tashi da sanɗa, ya zagaya bayan tebur, ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗar Shugaba.

Sannu-Sannu ya miƙe.

"Saje, akwai wani abin da ban tambaye ka ba, wanda kake so hukuma ta sani?"

Shugaba ya buɗe ido ya ɗauki alƙalami.

"Akwai, ranka ya daɗe."

Daga nan Saje ya yi shiru. An tambaye shi ko akwai, ya ce akwai. Ba a tambaye shi mene ne ba.

Har zuwa nan Lauya yana da mafaka. Zai iya cewa sabo ne, bakin tsoho ne ya zame, kowa ya ji yana faɗar haka kullum. Abin da zai biyo baya ba shi da wannan mafakar. Carbin Mashawarci ya tsaya. Sakatare ya sunkuya yana raɗa wa Shugaba magana da sauri, amma a ruɗe ya tsaya ta hagu.

"Me ya sa kuka koma bariki?"

"An kira ni an ce in juya da motar, ranka ya daɗe."

"Wa ya kira ka?"

Saje ya faɗi suna da muƙami, dalla-dalla, kamar yana ba da rahoton safe. Sannan ya juya wajen layin gaba, ya haɗa dugadugansa, ya sara wa mai sunan, don babba ne kuma an ambace shi a gabansa.

Mai rediyo yana ta neman hannun Sakatare da ido, hannun kuwa yana kan kafaɗar Shugaba. Kafin ya gaji da jira ya sa kiɗa da kansa, magana ta riga ta isa tashar mota. Zauren ya ɓarke. Shugaba yana buga tebur yana tambayar me mai shaida ya ce, sai wani ɗan jarida ya maimaita masa da ƙarfi ta kunnen dama. Tsohon ya dubi alƙalaminsa, ya dubi jama'a, ya rubuta, saboda shi ma yana da nasa sabon: abin da ya ji a zama, yakan rubuta.

Mashawarci ya tashi ba gaggawa, ya gyara riga. Da ya zo daidai teburin lauya ya ɗan rage tafiya.

"Sannu da aiki, Lauya."

"Yawwa, ranka ya daɗe," in ji Sannu-Sannu, sai a lokacin ya zauna.

Washegari ya ji a labaran rana cewa ya ajiye aikin hukuma saboda rashin lafiya. Malama ta taɓa goshinsa ta ce ashe haka ciwon ya yi tsanani ba ta sani ba. Dariyar ba ta daɗe ba. Wata mota mai baƙin gilashi ta fara kwana a tsallaken gidansu, ta yi makonni, ba wanda ya fito daga ciki. Aka mayar da Auta wani ƙaramin asibiti a can bakin iyaka, inda sai an hau tudu ake samun waya. Ta tafi ba ta ce masa komai ba, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan da ta yi faɗa. Masu kawo ƙara suka ɗauke ƙafa. Har mai faci ya koma gaishe shi daga nesa.

Hukuma ta kammala aikinta, ta miƙa rahoto a wani biki mai kyau, kuma rahoton yana nan ana nazarinsa. An naɗa Mashawarci jakada a wata ƙasa mai sanyi. Ba wanda aka gurfanar.

Motar da za ta kai Saje sabon wurin aiki ba ta tashi ba. 'Yan jarida sun tare a ƙofar bariki suna tambayar lafiyarsa safe da yamma, har lafiyar tasa ta zama nauyi a kan masu kare ta. A ƙarshe aka kore shi daga aiki bisa laifin yin magana ba da izini ba. Yanzu shi ne mai gadin makarantar da Malama ta taɓa shugabanta, kuma an ce yara ba sa makara.

Matasan lauyoyi sukan hau matakalar ofis su ga mutumin da ya yi tambayar. Sukan tarar da tsoho yana jiran injin iska ya mutu. Idan suka ce jarumi ne, yakan ce zama ya zo yi, gwiwa ce ta hana shi. Malama tana da nata ra'ayin, amma ta ce ba a tambaye ta ba.

Saje yakan zo gaisuwa lokaci-lokaci. Ba ya zama sai an ce ya zauna, ba ya shan shayi sai an ce ya sha. Ba su taɓa maganar ranar ba. Yakan ba da rahoton lafiyar iyali, ya tambayi labarin Auta, a gaya masa har yanzu tana can. Idan ya miƙe zai tafi, Sannu-Sannu yakan cire tabarau.

"Akwai wani abu, Saje?"

"Babu, ranka ya daɗe."